Gashin karena ya yi laushi ya koɗe bayan aski: in tsige da hannu ko in ci gaba da inji?

"Malam, ina da ƙaramin kare jinsin Schnauzer, shekararsa biyu. Lokacin da na same shi gashin bayansa yana da kauri da kaushi, launinsa baƙi da fari a gauraye. Tun da na fara yi masa aski da inji sai gashin ya yi laushi luɓus, launin ya koɗe, yana dunƙulewa a hammata, ga shi kuma yana yawan susa. Wani ya ce mini irin waɗannan karnuka ba a aske su, tsige musu gashin ake yi da hannu. Ni kuwa gani nake yi wannan azabtarwa ce. Shin na ɓata masa gashi ke nan har abada? In ba haka ba, me zan yi?"

Ɗan'uwa, tambayarka uku ce a dunƙule: me ya canza gashin, ko tsigewa tana yi wa kare zafi, da kuma ko za a iya gyarawa. Sai batun susa, wanda zan ware shi gefe, domin mai yiwuwa ba shi da alaƙa da askin kwata-kwata. Tun farko ka kwantar da hankalinka: ba ka cutar da karen ba. Karnuka masu irin wannan gashi da yawa da inji ake aske su tun suna ƙanana har su tsufa, kuma lafiyarsu ƙalau. Abin da ya tafi kamannin gashin ne da wani ɓangare na aikinsa.

Yadda gashin yake

Karnuka masu gashin waya, wato gashi mai kauri da kaushi irin wanda karenka ya zo da shi, riga biyu suke ɗauke da ita. A ƙasa, manne da fata, akwai gajeren gashi mai laushi da yawa, shi ne yake riƙe ɗumi. A sama kuma akwai dogon gashi mai kauri da tauri, shi ne yake tare ƙaya da ruwa da laka. Da gangan aka zaɓo wannan hali. Yawancin jinsunan nan karnukan aiki ne: Border Terrier daga iyakar Ingila da Sikotilan, da ake sawa ya bi yanyawa har cikin rami, Airedale daga kwarin kogin Aire a arewacin Ingila, wanda ya fi duk dangin teriya, wato karnukan farautar ƙananan dabbobi, girma, da ya yi farautar ɓera da karen ruwa a bakin kogi, Schnauzer naka kuma daga Jamus, mai gadin gona da kama ɓera a bargar dawakai. Kare mai kutsawa cikin sarƙaƙiya, ƙayar da kanta take fizge masa mataccen gashi. Na gida da yake kwana kan tabarma ba shi da mai yi masa wannan aiki sai kai.

A shekarar 2009 masu bincike a Amurka suka wallafa a mujallar Science cewa ƙwayoyin halittar gado uku kacal ne suke bayyana mafi yawan bambancin gashin karnuka: ɗaya na tsawo, ɗaya na nannaɗewa, ɗaya kuma, mai suna RSPO2, shi ne yake kawo kaushin gashi tare da gemu da dogayen gira. Shi ya sa in ka ga kare mai gemu da gashin baki, ko da gauraye ne ba a san iyayensa ba, ka shafa bayansa. Sau da yawa za ka ji kaushin.

Abin da ya fi muhimmanci gare ka shi ne yadda gashi guda yake girma. A fatar kare, gashi da yawa ne suke fitowa daga rami ɗaya: babba guda mai kauri, da ƙanana masu laushi kewaye da shi. Babban yakan tsiro, ya yi tsawo, ya tsaya, ya mutu. A yawancin karnuka mataccen yakan zube da kansa, ka gan shi a kan kujera. A masu gashin waya kuwa yakan zauna a raminsa a sake, ya daɗe bai faɗi ba. Wannan ne ya sa ake yabonsu da cewa ba sa zubar da gashi, kuma wannan ne ya sa suke bukatar hannu.

In kana son ka gani da idonka, nemi wurin da inji bai taɓa ba, ko ka roƙi mai irin karen ya ba ka gashi guda da aka tsige. Ɗora shi kan farar takarda a wuri mai haske. Za ka ga wajen tsininsa yana da kauri da tauri da cikakken launi, sannan yana sirancewa yana dusashewa yayin da kake gangarowa zuwa saiwa. Ƙarfin gashin da launinsa duk a sama suke. Inji yana zuwa ya datse wannan saman, ya bar siririn gindin a rami. Gindin bai fita ba, sabon gashi mai kauri bai samu an taso shi ba, lallausan gashin ƙasa kuma an daidaita tsawonsa da na sama, sai ya rinjaya. Kowane aski yana ƙara wannan. A jinsin karenka abin ya fi fitowa fili, domin launin nan na baƙi da fari a gauraye daga jikin kowane gashi yake: gashi guda yana da zobe mai duhu da zobe mai haske a jere. In aka datse zoben, sai duka jikin ya koma toka-toka iri ɗaya. Lallausan gashi kuma yana shan ruwa, yana riƙe datti, yana cukurkuɗewa, shi ya sa kake ganin dunƙule a hammata.

Shin tsigewa tana da zafi?

In gashin ya nuna, kuma mai tsigewa ya iya, babu zafi. In bai nuna ba, ko aka damƙo da yawa aka fizga, akwai zafi sosai, kuma karen ba zai manta ba. Don haka tsoronka yana da tushe, sai dai laifin na hannu ne.

Gwajin da nake yi kafin in taɓa kowane kare ba shi da wuya. Ina shafa bayansa daga wutsiya zuwa wuya don gashin ya miƙe, in duba waɗanda suka fi sauran tsawo, in kama 'yan kaɗan tsakanin babban yatsa da manuniya, in ja a hankali ta inda gashin ya kwanta. Gashin da ya mutu yana zamowa ne kawai, kare ko waiwaye ba ya yi. Wanda yake da rai yana riƙewa, fata ta biyo shi, kare ya juyo ya dube ka. Da na ga haka sai in bari. Karen da ya saba kuwa, musamman in ana aikin gadon bayansa, sau da yawa sai ka ji ya saki jiki yana gyangyaɗi a kan teburi.

Akwai wuraren da ba na tsigewa ko da gashin ya nuna, sai ga karen da ake kaiwa gasar nuna karnuka wanda aka horar tun yana ɗan kwikwiyo: ciki, cikin cinyoyi, kewayen dubura da al'aura, ƙasan wutsiya. Fatar nan siririya ce. Almakashi mai dakusasshen baki ko inji ya wadatar, kuma babu wanda zai ga bambanci.

Yadda ake yi

Kayan ba su da yawa. Yatsunka su ne na farko. Ɗan hodar alli a kan gashin ko robar yatsa tana hana santsi. Akwai wuƙar tsigewa, ƙaramin ƙarfe mai haƙora a gefe ɗaya da mariƙi. Sunanta wuƙa amma aikinta riƙewa, saboda haka dole ta kasance dakusasshiya. Sabuwa in tana da kaifi, a dakushe ta tukuna, in ba haka ba yanka gashin za ta yi, ka koma inda inji ya bar ka bayan ka sha wahala. Hanyar ganewa ita ce ka duba abin da ya fito: in kana ganin dogon gashi har da siririn gindinsa, tsigewa kake yi, in gajeru ne masu datsattsen ƙarshe, aski kake yi. Sai dutse mai kaushi irin na goge ƙafa don share tarkace, da matajin ƙarfe, da buroshi mai siraran haƙora.

Hannu ɗaya yana riƙe fata a miƙe a gaban wurin da kake aiki, don kada ta biyo gashin. Wannan shi ne rabin aikin, kuma shi sababbi suka fi mantawa. Ɗaya hannun yana kama gashi kaɗan, daga tsini, kana ja ta inda ya kwanta, daga kai zuwa wutsiya a baya, daga sama zuwa ƙasa a gefe. Kada ka murɗa wuyan hannu. Ka bar shi a miƙe, motsin ya fito daga gwiwar hannu da kafaɗa. Murɗawa tana karya gashi, kuma tana gajiyar da kai da wuri. Kada ka yi masa wanka kafin aiki, domin gashi mai tsabta santsi gare shi. Bayan aiki ma a jinkirta wankan kwana biyu ko uku, saboda ramukan gashin a buɗe suke, sabulu yana iya tayar da ƙuraje.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce a bar gashin ya yi tsawo har ya mutu gaba ɗaya, ya fara rabewa a tsakiyar baya, sannan a tsige shi duka, kamar sau biyu a shekara. Kare yakan fito da rigar ƙasa kaɗai, ya yi 'yan makonni a haka, sabon gashi ya rufe shi cikin wata biyu zuwa uku. Ta biyu ita ce a riƙa cire mafi tsawo kaɗai, kaɗan-kaɗan, duk mako ko mako biyu. Da haka sai a samu gashi hawa-hawa a jikinsa: wani yana fita, wani yana tsaka da girma, wani yana tsirowa, kare kuma kullum a rufe.

Ga mai kare a gida, ta biyun nake ba da shawara ba tare da wani jinkiri ba. Tsige kare duka a zama ɗaya aikin sa'o'i ne, yatsu su yi ciwo, kare ya ƙosa, mai shi ya yi rantsuwa ba zai sake ba. Minti goma sha biyar da yamma, yau kafaɗa, jibi gadon baya, da ɗan abin lasawa a ƙarshe, ya fi dorewa. Kuma kuskuren da mutum zai yi a minti goma sha biyar ƙarami ne, gashi zai rufe shi.

Za a iya dawo da gashin karenka?

Akwai fata mai kyau, domin yaro ne kuma ya zo da gashi mai kaushi tun asali. Amma sai da haƙuri, kuma ba na yi maka alkawarin zai koma daidai yadda yake. Na ga waɗanda suka dawo har ba a gane an taɓa aske su, na ga waɗanda bayansu ya dawo amma gefe da cinyoyi suka zauna da laushi. Yawan askin da aka yi, da gadon da kare ya ɗauko, da shekarunsa, duk suna da hannu. Dandaƙa ko cire mahaifa ma yakan sa gashin wasu karnuka ya yi laushi ya yi yawa, kuma wannan ba ya gyaruwa da tsigewa.

Abin da za ka yi shi ne ka ajiye inji ga gadon baya da gefe, ka bar gashin ya yi tsawon da yatsu za su iya kamawa. A wannan tsakanin karen zai yi buzu-buzu, kada ka damu. Ka riƙa rage lallausan gashin ƙasa: ka kwantar da wuƙar tsigewa kusan a shimfiɗe a kan jiki, ka ja ta kamar mataji, fata a miƙe. Za ka ga tana kwaso toka-tokan gashi mai laushi. Kada ka danna, kada ka maimaita wuri ɗaya har fata ta yi ja. Sannan ka fara tsige dogayen. Zagayen farko shi ne mafi wuya, domin gashin da aka saba askewa yakan riƙe, yakan kuma tsinke a hannu. A nan ne za ka fi bukatar sassauci. Abin da bai fito da sauƙi ba, bar shi zuwa wani mako. Bayan 'yan watanni za ka fara jin wasu gajeru masu tsini suna sukar tafin hannunka a gadon baya, launinsu ya fi na kewaye duhu. Su ne kake jira. Kafin jiki duka ya daidaita, ka sa rai da abin da ya kai shekara.

In kuma ka duba ka ga ba ka da wannan lokaci, ko karen ya ƙi sam, ci gaba da inji ba laifi ba ne. Tsohon kare, ko mai ciwon fata, ko wanda tsoro yake kama shi a kan teburi, ni da kaina inji nake sa masa. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa: a riƙa fitar da mataccen gashin da wuƙar nan ko da dutse kafin aski da kuma tsakanin aski, don kada ramuka su cushe. Wannan kaɗai yana riƙe ɗan kaushi da launi. Kada a aske har fata da sunan rage masa zafi. Gashin yana kare shi daga ƙunar rana, kare kuma ta haki yake fitar da mafi yawan zafin jikinsa. A riƙa taɓa bakin injin a bayan hannu, domin yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata ba a sani ba.

Gemu, ƙafafu da sauran kulawa

Gashin gemu da gira da ƙafafu ya fi na baya laushi ko a karen da ba a taɓa askewa ba, kuma nan ne dunƙule yake farawa, tare da hammata da bayan kunne da ƙarƙashin abin wuya. Buroshi kaɗai yana ruɗi, yana gyara sama ya bar ƙulli a ƙasa. Bayan buroshi a bi da matajin ƙarfe har ya taɓa fata, sau biyu ko uku a mako. In an tarar da ƙulli, a riƙe gindinsa da yatsu, a warware daga tsini. Wanda ya manne da fata kada a sa masa almakashi, domin fata takan shige cikin ƙullin; inji ake zurawa a ƙarƙashinsa. Kuma kada a jiƙa kare mai ƙulli, ruwa ƙara ɗaure shi yake yi.

Gemu yana shiga abinci da ruwa kullum. A goge shi bayan cin abinci, a busar da shi, in ba haka ba zai yi wari, fatar haɓa ta yi ja. Jan launin da kake gani a farin gemu yawanci daga yawu ne. Bayan yawo a cikin ciyawa a duba tsakanin yatsun ƙafa da cikin kunne, saboda tsinken ciyawa yana maƙalewa a gashin nan ya huda fata ya yi ƙurji.

Wankan jiki duka ba ya bukatar yawa. Gashi mai kaushi in laka ta bushe a kansa, buroshi yana kakkaɓe ta. Sau ɗaya a wata ko wata biyu ya isa, sai in ya yi birgima a ƙazanta; gemu da ƙafafu kuwa ana iya wanke su a kai a kai. A yi amfani da shamfun karnuka, domin fatarsu ba irin tamu ba ce, sabulun mutane yana busar da ita. Man laushin gashi a tsaya da shi a ƙafafu da gemu, kada ya hau baya. A ɗauraye sosai, ragowar kumfa tana kawo susa. Farce in yana ƙwanƙwasa daɓe ya yi tsawo, a rage kaɗan-kaɗan don kada a kai ga jijiyar ciki, kuma a tuna da ɗan farcen gefen ƙafa da ba ya taɓa ƙasa, wanda yakan lanƙwashe ya shiga nama. Gashin cikin kunne kuwa, in kunnen lafiyayye ne ba wari ba ja, ni ba na tsige shi sai dai in rage na bakin ƙofa. In yana yawan ciwon kunne, likita ne zai faɗi abin da za a yi.

Batun susa

A nan iyakata take, domin ni mai gyaran gashi ne, kuma ban ga karen ba. Mataccen gashi da ƙulli suna iya sa susa, haka ma askin da ya kai fata. Amma abin da ya fi kawo susa ga karnuka shi ne ƙuma, sai kaska, da ƙazuwa, da rashin jituwar jiki da wani abinci ko ƙura. Ka tsefe gindin wutsiyarsa a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda. In ka ga baƙaƙen ɗigo suna narkewa suna zama ja, kashin ƙuma ne, kuma maganin sai an haɗa da shimfiɗarsa da sauran dabbobin gidan. In akwai kyanwa a gidan ka yi hattara, domin wasu magungunan ƙuma na karnuka, masu sinadarin fametirin, suna kashe kyanwa.

Ƙaramin Schnauzer kuma yana da wata matsala da aka san jinsinsa da ita: ramukan gashin gadon baya suna toshewa, su yi ƙananan baƙaƙen ƙuraje da ake ji a hannu in an shafa. Ba ta da haɗari yawanci, amma tana iya ɗaukar ƙwayar cuta, kuma akwai shamfu na musamman da likita yake rubutawa. In ka ji irin wannan, ko ka ga fata ta yi ja, ko tana ɓawo, ko tana wari, ko gashi ya zube ya bar fili zagayayye, kada ka fara tsigewa. Filin nan zagayayye yana iya zama makero, kuma yana kama mutane, musamman yara. Gashin da yake sirancewa a gefe biyu daidai wa daida, tare da ƙiba da kasala ko yawan shan ruwa, yana iya nuna matsalar sinadaran jiki, sai an gwada jini. Kada a shafa masa kananzir ko baƙin mai ko maganin feshin gona; suna ƙona fata, kuma zai lashe.

Saboda haka ka fara da likitan dabbobi ya duba fatar. In ya ce lafiya take, ka nemi mai gyaran karnuka da ya iya tsigewa, ka roƙe shi ya yi zaman farko kana tsaye kana kallon yadda yake riƙe fata da yawan gashin da yake kamawa, sannan ya ba ka wuƙar ka gwada a gadon bayan karen a gabansa.